A Bar Mana Ƙarfen Sabis, A Kawo Mana Ma'auni

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawuna da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Tsafe da 'Yandoton Daji ya kira ni. Sau uku kiran yana yankewa tun ba mu gama gaisawa ba. Kafin na huɗun sai da ya fita bayan gida ya hau wani ɗan tudu, inda duk mutanen ƙauyen suka san nan ne sabis ke sauka. Da muryarsa ta daidaita ya ce da ni: "Ɗana, kai da ka yi karatun na'ura, wagga magana da aka aiko muna, gaskiya ta? An ce ƙarfen sabis ɗin da za a kafa kusa da makarantar yara, shi ka kawo ciwon daji, shi ka hana mata haihuwa."

Na ce, "Kawu, wa ya faɗa?" Ya ce murya ce aka turo ta WhatsApp. Na roƙe shi ya turo mini. Minti bakwai wani bawan Allah yana magana, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitin da ya yi aiki ba, bai ambaci mara lafiya ko ɗaya da za a iya zuwa a duba ba. Amma ya iya murya, ya iya rantsuwa, ya kuma rufe da cewa duk wanda bai tura saƙon ga mutum goma ba alhakin al'umma na wuyansa. A kan wannan muryar dattawan ƙauye suka fara shawarar a je a ce wa kamfani ba a so.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton kawun nawa a lokacin da yake tambayar. Yana tsaye a kan tudu, waya manne da kunne, sanda ɗaya tak ta sabis a fuskar wayar. Idan akwai lokacin da waya ke zuba wa kan mutum iyakar ƙarfin da take da shi, to wannan lokacin ne. Kuma abin da zai rage masa wannan ƙarfin shi ne ƙarfen da ake shirin kora.

Ga yadda abin yake. Waya ƙaramin gidan rediyo ce, tana aikawa tana karɓa. Idan ka yi magana, sai ta mayar da muryarka igiyar rediyo ta jefa wa eriyar da ke kan ƙarfen sabis mafi kusa. An gina ta ne ta riƙa tsimin batir, don haka ba ta yin ihu sai dole. In ƙarfen yana kusa, raɗa take yi. In yana nesa, ko akwai dutse ko katangar siminti a tsakani, sai ta ɗaga murya har ƙarshen abin da aka yarje mata, wanda a tsohon tsarin GSM ya kai wat biyu a ƙololuwarsa. Shi ya sa cajin wayarka ke saurin ƙarewa a hanyar Ɗansadau fiye da a tsakiyar Gusau. Kowa ya san wannan da hannunsa, ba sai ya shiga aji ba.

Sannan ƙarfin igiyar rediyo yana raguwa da sauri matuƙa yayin da take nisa da inda ta fito. In ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ninka sau goma, zai koma ɗaya cikin ɗari. Eriyar da ke can saman ƙarfe ta fi wayarka ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tana da nisan mita da yawa daga jikinka, kuma gaba take haskawa kamar fitilar mota, ba ƙasa ba. Wayarka kuwa a jikin fatarka take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa abin da jiki ke samu daga wayar hannu yakan ninka abin da yake samu daga turakun sadarwa fiye da sau dubu. Ta kuma ce awon da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna abin da jama'a ke samu daga turakun yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka gindaya. Saboda haka ƙauyen da ya kori ƙarfen sabis don tsoron tururi, alhali kowane magidanci na da waya a aljihu, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

To ita wannan iyaka, wa ya gindaya ta, kuma a kan me?

Abin da aka tabbatar igiyar rediyo na yi wa jikin ɗan Adam shi ne ɗumama shi, in ta yi ƙarfi sosai. Ba ta da irin kuzarin hasken hoton ƙashi na asibiti, wanda ke iya farfasa ƙwayoyin halitta, shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto ke ɓuya bayan bango. Ko hasken rana da muke noma a cikinsa ya fi igiyar waya wannan kuzarin sau dubbai. Masu bincike sun gano cewa sai jiki gaba ɗaya ya riƙa shan kimanin wat huɗu a kowane kilo na nauyinsa kafin zafinsa ya ƙaru da kusan digiri ɗaya. Daga nan wata hukumar masana ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ICNIRP, ta raba wannan adadi gida hamsin, ta ce wat 0.08 a kowane kilo shi ne iyakar jama'a. Ta fitar da ƙa'idojinta a 1998, ta sabunta su a 2020, kuma su ne Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce tana bi.

Ga wayar da ake karawa a kunne akwai ma'auni na musamman da ake kira SAR, wato yawan ƙarfin da naman jiki ke tsotsa. A Turai iyakar ita ce wat 2 a kowane kilo ga kai da gangar jiki, wat 4 ga hannu da ƙafa. A Amurka wat 1.6 ce, da wata hanyar awo daban. Kowace waya ta gaske tana da wannan lamba, a rubuce a takardarta ko a shafin kamfaninta. A wayoyin Android da yawa in ka danna *#07# za ta fito maka. Mai muryar minti bakwai bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ba, kuma ina da yaƙinin bai san da su ba.

Na san abin da mai ɗan karatu a cikin masu tsoron zai ce. Zai ce ai a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa igiyar rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Rukunin 2B ake ce masa, kuma ma'anarsa ita ce akwai 'yar alama amma hujja ba ta yi ƙarfi ba, a ci gaba da bincike. An kuwa ci gaba. A 2024 aka wallafa wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63 daga ƙasashe masu yawa, bai kuma sami alaƙa tsakanin amfani da waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Wannan ba ya nufin an rufe littafi. A 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce wa hukumar sadarwar ƙasar ba ta yi gamsasshen bayani ba kan dalilinta na ci gaba da amfani da iyakokin da ta sa tun 1996. Haka ilimi yake tafiya, ana tuhumar sa yana kare kansa. Amma dubi irin makaman da ake wannan faɗan da su: awo, lissafi, takardu, kotu. Babu wanda ya je gaban alƙali da muryar da ba ta da suna.

Tunda an kawo maganar IARC, bari in ƙara wa masu tsoron abin da ba a turo musu ba. Ita dai wannan cibiya, a 2012, ta sa hayaƙin injin dizal a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Yanzu je ka tsaya gindin kowane ƙarfen sabis a Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau, ko a Kwatarkwashi, ka ga abin da ke ruri dare da rana saboda babu wutar lantarki. Janareto ne mai shan dizal. Mun ɗaga kai muna zargin eriyar da ke sama, wadda hujja a kanta ba ta da ƙarfi, mun bar injin da ke busa mana hayaƙi ta taga, wanda hujja a kansa ta tabbata. Wanda ke maƙwabtaka da ƙarfen sabis yana da ƙorafi na gaskiya: ƙarar da ke hana barci, hayaƙi, baƙin mai da ke tsiyaya ya bi ƙasa har rijiya, da fargabar ƙarfen da ba a kafa da kyau ba ya faɗo lokacin iskar farkon damina. Duk waɗannan ana iya gani, ana iya aunawa, ana iya kai ƙara a kansu. Jita-jitar tururi ita ke ɓata wannan ƙorafin, domin da zarar ka shiga ofis ka ce ƙarfe na hana haihuwa, an samu dalilin yi maka murmushi a sallame ka, har da sauran maganganunka masu tushe.

Mu a Zamfara bai kamata a riƙa yi mana wasa da hankali a kan wannan batu ba, saboda abubuwa biyu da muka gani da idonmu.

Na farko, mun ɗanɗani rayuwa babu sabis. A ranar 3 ga Satumba 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. An ce mako biyu. Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Ba na son in shiga gardamar ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro, wannan zance ne na wata rana. Abin da na sani shi ne abin da muka gani. Masu POS sun rufe. Ɗan kasuwa ya kasa sanin farashin hatsi a kasuwar da ke gaba. Mai mara lafiya ya kasa kiran mai mota. Iyaye sun kwana ba su san ko ɗansu ya isa inda ya nufa ba. Ni da nake rubuta manhajar kwamfuta, wanda abincina gaba ɗaya a kan intanet yake, sai da na riƙa shiga mota ina barin jihar don in aika aikin da na gama, a kan hanyar da kowa ya san halinta. A tsawon waɗancan makonni eriyoyi sun yi shiru, tururin da ake tsoro ya ɗauke. Ban ji wanda ya ce ciwon kansa ya warke ba. Na dai ji waɗanda suka yi asara, da waɗanda labarin rasuwar ɗan uwa bai iske su ba sai bayan an yi sadakar uku. A ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya, kira guda da ya shiga a kan lokaci yana iya zama bambanci tsakanin gudu da kamu. Wanda ya zuga irin wannan ƙauye ya kori ƙarfen sabis, ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Na biyu ya fi ciwo. Mun san yadda guba ta gaskiya, wadda ido ba ya gani, take kisa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma. Yara suna suma, suna farfaɗiya, suna mutuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, an yi zaton sanƙarau, wasu sun ce iska ce. Ashe dalma ce a cikin duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurarta na sauka inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Abin da ya tona asirin wannan guba shi ne awo. An ɗebi jinin yara an auna, an auna ƙasar tsakar gida, lambobi suka fito, sannan aka san maganin da za a bayar da ƙasar da za a kwashe. Ko kuɗin share Bagega ba su fito ba sai a 2013, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba da hujja a hannu. Darasin da ke nan a fili yake. Lokacin da muke da dodo na gaske a tsakar gida ba mu gan shi ba, sai da ma'auni ya nuna mana. Jihar da ta binne yara ɗari huɗu saboda gubar da ba a auna da wuri ba, ita ce ya kamata ta fi kowa cewa a kawo ma'auni, ko a kan tsoro ko a kan kwantar da hankali.

Nan ne zan juyo kan ɗaya ɓangaren, domin laifin ba na masu tura murya kaɗai ba ne. Jita-jita tana tsiro ne a gonar da hukuma ta bari babu shuka. Duk lokacin da tsoro ya tashi, kamar a 2020 da aka ce 5G ke kawo korona, a lokacin da ba a ma ba kowane kamfani lasisin 5G a Najeriya ba, domin sai a Disamba 2021 aka yi gwanjonsa, amsar da muke samu ita ce sanarwa da Turanci daga Abuja cewa babu wata illa. Kawuna ba ya karanta sanarwa. Kuma ko da ya karanta, "babu illa" magana ce, kamar yadda "akwai illa" magana ce. Me zai sa ya fifita maganar wanda bai taɓa gani ba a kan maganar da maƙwabcinsa ya turo masa?

Dubi yadda wasu ke yi. A Satumba 2023 hukumar da ke kula da igiyoyin rediyo a Faransa ta gwada wayar iPhone 12, ta samu wat 5.74 a gwajin hannu da ƙafa, inda iyaka take wat 4. Ta dakatar da sayar da wayar a ƙasar. Kamfanin Apple, duk girmansa, sai da ya fitar da gyaran manhaja kafin a ɗage dakatarwar. Babu wanda ya ce wayar ta kashe wani, domin akwai rata mai faɗi tsakanin iyakar doka da inda illa ke farawa. Amma doka ta ce huɗu, an samu fiye da huɗu, an ɗauki mataki, an kuma faɗa wa jama'a lambar. Irin wannan ne ke sa ɗan ƙasa ya yarda idan hukuma ta ce masa wata wayar lafiya lau take.

Mu fa? Dokarmu ta ce duk wayar da za a sayar a Najeriya sai NCC ta amince da samfurinta. Amma shiga kowace kasuwar waya a Arewa ka ga tarin wayoyi marasa asali, suna ɗauke da sunan da ya yi kama da na wani sanannen kamfani an sauya harafi ɗaya, babu takarda, babu lambar SAR, babu wanda zai ce maka ga ɗakin gwajin da suka bi. Su ne wayoyin talaka, su ne a hannun mutanen ƙauye inda sabis ya fi rauni, inda waya ta fi yin ihu. Idan akwai wurin da ya dace a damu da iyakar tururi a ƙasar nan, to nan ne. Haka kuma an taɓa daɗewa ana jan igiya tsakanin hukumomi biyu na gwamnati ɗaya kan tazarar da za a bari tsakanin ƙarfen sabis da gidan mutane: ƙa'idar NCC ta ce mita biyar, dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita goma. Idan masu doka ba su daidaita bakinsu ba, kada a yi mamaki in mai unguwa ya saurari WhatsApp.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace mu nema, maimakon kora. Duk inda za a kafa ƙarfe, a zo a zauna da mutanen wurin da Hausa, kafin a haƙa rami. Bayan an kunna, a zo da na'urar awo a auna a ƙofar makaranta, a tsakar gidan da ya fi kusa, a gaban masallaci, a rubuta abin da aka samu da abin da doka ta yarda, a liƙa a jikin shingen. A sa sharaɗin tazara, da na ƙarar janareto, da inda baƙin mai zai tafi, a kuma matsa a koma hasken rana inda zai yiwu. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, muna da kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Me zai hana ɗalibansu su zagaya Gusau da Tsafe da Bunguɗu da na'ura, su fitar da taswirar awo da kowa zai iya dubawa a wayarsa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma ba ta kwana bakwai ta amsa. NCC na da layin ƙorafi kyauta, 622. Nawa ne a cikinmu, masu tura murya ga mutum goma, suka taɓa kiran sa sau ɗaya?

Wanda kuma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai abin da zai yi da kansa ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ya sa waya a sifika ko ya yi amfani da abin sauraro na kunne, domin tazarar taƙi ɗaya tana rage abin da kai ke sha ƙwarai. Ya taƙaita doguwar hira a inda sabis ke da sanda ɗaya. Ya sayi wayar da aka san kamfaninta, ko da ta hannu ce. Ya kuma riƙe kuɗinsa daga masu tallar 'yar sitikar da ake mannawa a bayan waya wai tana tare tururi. In ba ta tare komai ba, an cuce ka. In kuwa ta tare, wayar za ta ga sabis ya ragu ta ƙara ƙarfi, an cuce ka sau biyu.

Ƙasar 'Yandoto da malamai aka san ta tun ƙarnoni kafin jihadi, mutanen da ake niƙo gari daga nesa a zo a ɗauki karatu a wurinsu. A zauren karatu, in ka kawo magana, abin da za a fara tambayar ka shi ne daga wa ka ji, a wane littafi ka gani. Addininmu ma ya hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Abin kunya ne a ce jikokin waɗannan mutane ne muryar da ba ta da mai ita ke juyawa.

Na sake kiran kawuna bayan kwana biyu. Na ce, "Kawu, in mutanen kamfani sun dawo, kada ku ce musu ba ku so. Ku ce su matsar da injin nesa da ajin yara, su bar tazarar da doka ta ce, su kuma zo da na'ura su auna a gabanku, su rubuta muku a takarda." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in sun ƙiya fa?" Na ce in sun ƙi, lokacin ne kuke da magana, ni da kaina zan rubuta muku takardar ƙorafin. Ya fara ba ni amsa, kiran ya yanke. Na jira ya sake hawa tudun.